Ku Tambayi Mai Kiɗa: "Ni na buga, shi ya yi suna"

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙun wannan wata sun taru kuma yawancinsu a kan abu guda suke, wato sana'ar furodusa, mai haɗa wa 'yan gambara kiɗa. Na zaɓi huɗu. Masu turo mani waƙa da ƙarfe biyun dare suna cewa in saurara in ba su maki kuma, don Allah ku yi haƙuri, ina da iyali.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Ni ɗalibi ne nan Katsina, shekara ukku kenan ina haɗa bit, wato kiɗan da mawaƙi ke hawa, a laftof ɗin yayana. Watannin baya wani abokina mai rap ya ji wani bit da na yi ya ce yana so, ya ba ni dubu biyar ya ce in sha ruwa, na tura mashi ta WhatsApp. Yanzu waƙar ta shiga TikTok ko'ina ita ake hawa har ana kiranshi wasa Kano da Kaduna amma ko sunana bai sa ba, in na kira kuma sai ya ce yana mitin. Abokai na ta zuga ni in fito Facebook in tona shi. Shin ina da wani hakki a kanshi? Sannan harkar nan tana da gaba kuwa ko in haƙura in kama karatuna, don na ga su Dr. Dre da Don Jazzy da kiɗa suka yi kuɗi.
Ƙanenku daga Ƙofar Marusa

AMSA: Ƙanena sannu, ka shigo layi. Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta yana buga wa wani kiɗa a garin nan yana da labari irin naka, kura da shan bugu gardi da amsar kuɗi. Ni nawa a kakar zaɓen 2015 ne, yaran wani ɗan takara suka kwana huɗu a sitidiyo na, man janareto nawa, shayi da burodi nawa, muka yi waƙa shida, aka ɗora su a motoci da manyan sifiku ana zagaye gari da su har ina jin kiɗana daga cikin ɗakina, kullum "Oga zai gan ka bayan zaɓe". Oga ya faɗi zaɓe, lambar wayar ma ta daina shiga.

Bari in nuna maka inda gizo ke saƙa. A da, makaɗi ba ya rabuwa da mawaƙi. In Shata zai yi wasa to masu kalangu na bayanshi, mota ɗaya suka shigo, rana ɗaya ta dake su, in an tashi aka zube abin da aka samu kowa na da kasonshi ko da na maigida ya fi yawa. Mawaƙi ba ya iya zuwa fili shi kaɗai don in babu makaɗa babu wasa. To yanzu kalangunka ya shige cikin filash. Abokinka ya sa shi aljihu ya hau motar Kaduna, DJ ya kunna, aka yi mashi liƙi, kai kana gida kana cajin laftof. Ba lallai ne ya fi mawaƙan da mugunta ba, buƙatarka ce ta ƙare tun ranar da ka tura mashi fayil ɗin. Abin da ya maye gurbin wancan zaman rabon shi ne takarda, mu kuma nan kunyar takarda muke ji, sai a ce haba tsakaninmu har sai an yi rubutu.

Batun hakki, eh kana da shi. A kowace waƙa hakki biyu ne. Akwai na ƙirƙira, wato baitoci da karin sauti, akwai kuma na faifan da aka naɗa wanda muke kira masta. Wanda ya ƙirƙiri kiɗa yana cikin na farko kai tsaye, kuma a al'adar gambara ta Amurka yawanci raba shi ake biyu, rabi na mai kiɗa rabi na masu baiti, sannan a masta a ba furodusa wani ɗan kaso, galibi 3 zuwa 5 cikin 100, ban da kuɗin hannu. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta ce sayar da hakki kacokan ko mallaka wa mutum ɗaya shi kaɗai ba ya tabbata sai a rubuce. Ma'ana dubu biyar ɗin nan da "sha ruwa" ba su mayar da bit ɗin nashi ba. Iyakarta ya ce ka ba shi izinin hawa, kuma gaskiya ka ba shi.

Amma kada ka je Facebook. Ranar da ka zage shi a bainar jama'a 'yan kallo za su sha dariya kwana biyu, shi ya ƙara mabiya, kai kuma sauran mawaƙa su ce yaron nan rigima gare shi. Abin da za ka fara yi yau ɗin nan: ka adana furojet ɗin bit ɗin, wato asalin fayil ɗin da ka haɗa shi a ciki, a wuri biyu, da kwanan watan da ke jikinshi, ka ɗauki hoton hirarku ta WhatsApp har da wurin da ka tura fayil. Sannan ka nemi wani babba da yake jin nauyinshi, mai sitidiyon da ya ɗora murya ko yayanshi, ku zauna. Ka nemi abu ukku, a sa sunanka a matsayin furodusa duk inda waƙar take, Audiomack da YouTube da Spotify da Boomplay, a rubuta kasonka a takarda kowa ya sa hannu da shaidu biyu, sannan waƙarshi ta gaba kai za ka buga a farashin da ya dace. In ya ƙi, dandalin nan duka suna da hanyar kai ƙorafin hakki kuma suna iya sauke waƙa, shi ma ya san haka, don haka ba ka buƙatar ɗaga murya. In kuɗin ya kai a yi shari'a a kai to ka nemi lauya, ni makaɗi ne.

Kada kuma ka sa rai da wasu miliyoyi daga sauraro. Abin da ake biya kan sauraron da aka yi daga Najeriya bai kai na wanda aka yi daga Amurka ko Ingila ba, hawa sauti a TikTok kuwa suna yake kawowa fiye da kuɗi. Sunan shi ne ribarka a wannan waƙa, shi ya sa na sa shi farko. Daga yau kuma kowane bit ka sa mashi tag, wannan 'yar muryar da ke kiran sunanka a farko. Kai kanka ai ta haka ka san Don Jazzy, tun zamanin Mo' Hits da suka kafa da D'banj a 2004 sunanshi ke fara shiga kunne kafin mawaƙi ya buɗe baki.

Tunda ka ambaci Dr. Dre bari mu duba tafiyarshi da kyau don ana yawan ba ku rabin labari. Ya fara ne da DJ a kulob a Los Angeles, ya zama mai kiɗan ƙungiyar N.W.A, faifansu ya sayu kamar me, amma a 1991 ya bar kamfanin da ke fitar masu da faifai saboda rigimar kuɗi da kwantiragi. Suka kafa Death Row da Suge Knight, ya fitar da kundinshi a 1992, ya ɗaga Snoop Dogg, a 1996 ya sake tattara komatsanshi ya fita ya bar kasonshi a can. Sau biyu kenan mutumin da duniya ta yarda babu kamarshi a kiɗa yana barin gumin shi a hannun wasu. Sai da ya kafa nashi, Aftermath, abubuwan farko ma ba su karɓu yadda aka zata ba, kafin ya ɗauki Eminem a 1998, daga baya 50 Cent. Babban kuɗin da kake ji kuwa na hedfon ne, kamfanin Beats da suka yi da Jimmy Iovine wanda Apple ya saya dala biliyan 3 a 2014. Don Jazzy ma haka, Mo' Hits ta watse a 2012 ya kafa Mavin, ya koma neman yara masu basira yana rainonsu, har babban kamfanin waƙa na duniya Universal ya sayi kaso mafi tsoka a Mavin a 2024. Duk su biyun kiɗa ne ya buɗe masu ƙofa amma mallaka ce ta zaunar da su.

Wanda ya fi kama da kai shi ne wani yaro ɗan ƙasar Holan, YoungKio, da ya sa bit ɗinshi a kasuwar intanet ta BeatStars, Lil Nas X ya biya dala 30 a 2018 ya hau. Waƙar, Old Town Road, ta yi mako 19 a saman jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka a 2019. Dala 30 fa, shi ma kuɗin shan ruwa ne in ka duba. Bambancin kawai can ko cinikin dala 30 da rubutacciyar yarjejeniya yake tafiya, ga kuma tag ɗinshi a farkon waƙar, saboda haka da abu ya fashe ba a yi ta neman waye ya buga ba.

Karatu kuma ka riƙe shi. Ban ce don harkar ba ta da gaba ba, tana da shi, DJ AB daga Kaduna yana haɗa kiɗa yana rerawa kuma da Hausa ya yi suna, Classiq ma da Hausa ya shiga har Legas. Amma a Katsina gambara kaɗai ba ta riƙe sitidiyo. Abin da ke biyan hayar shago shi ne waƙar biki da ake lissafo sunan amarya da ƙawayenta da gwaggonninta, da tallar makaranta da ta mai maganin gargajiya, da 'yan nanaye, da siyasa in lokacinta ya zo (kuɗi a hannu kafin a kunna kwamfuta, ka ji dai labarina). Gambarar da dare ake yinta bayan an sallami waɗannan.

TAMBAYA: Malam ina yi maka fatan alheri. Ɗana ne ya gama sakandare bana, ya tasa ni gaba sai na sayar da 'yan awakina na saya mashi kwamfuta wai zai zama furodusa. Babanshi ya ce gidanmu ba a taɓa makaɗi ba kuma ba za a fara a kanshi ba. Ni tsorona shaye-shaye da irin askin nan da wando a gwiwa. Yaron yana da natsuwa, yana sallah, amma kullum kunnenshi toshe da waya. Ka ba ni shawara tsakani da Allah.
Wata uwa daga Daura

AMSA: Hajiya ina gaishe ki, Allah ya shirya mana zuri'a. Kada ki sayar da awakin tukuna.

Tsoronki yana kan hanya, ba zan rufe ki ba, akwai sitidiyon da in kika leƙa hayaƙi ne zai fara yi maki sallama, kuma aikin dare ne, yaro ɗan shekara 18 a cikin waɗanda suka girme shi. Akwai kuma inda in an kira sallah ake tsayar da komai a fita, nawa haka yake, ba ma don tsoron Allah kaɗai ba, lasifikar masallacin unguwa tana shiga makirfo. Don haka tambayar ita ce wurin wa zai zauna. Ki sa kawunshi ko yayanshi ya je ya ga wurin da idonshi, da rana sau ɗaya da dare sau ɗaya, ba tare da an sanar ba.

Maganar Alhaji ta cewa gidan ba makaɗa ba ne, na fahimce ta, a ƙasar Hausa kiɗa gado ne kuma ana haɗa shi da roƙo. Hukuncin kiɗa a addini kuma na malamai ne, ku tambayi wanda kuka yarda da shi, ba zan yi shisshigi ba. Abin da zan iya faɗa shi ne abin da yaron zai koya ya wuce kiɗa. Zai koyi ɗaukar murya, tace ta, cire ƙara, daidaita sauti, kuma wannan hannun shi ake nema a gidan rediyo da talabijin, da wurin masu fim, da wurin ɗaukar karatun malamai da tafsirin azumi, da masu sha'irci. Ko ya bar gambara gobe sana'ar na hannunshi.

Ki gwada shi da wayar da ke kunnen nashi. Akwai manhaja kyauta, BandLab, ana haɗa kiɗa da ɗora murya a cikinta. Wani matashi a Amurka, Steve Lacy, da iPhone ya haɗa kiɗan da ya shiga kundin Kendrick Lamar na 2017, to balle gwaji. Ki ba shi wata ukku ya kawo maki abu goma da ya gama, gamawa fa ba farawa ba, don yaran nan kowa na da bit ɗari da ya fara bai ƙarasa ba. In ya kawo, kuma ya cike fom ɗin makaranta, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya nan cikin Daura ba sai ya yi nisa ba, to a saya mashi kwamfutar hannu ta biyu da sunan karatu, ya yi duka biyun da ita. Ina jin ta wannan ƙofar Alhaji zai fi saurara. Askin kuwa Hajiya, wannan ki bar wa babanshi.

TAMBAYA: Ina so in yanko muryar Shata da kalangunshi in sa a bit na tirap (wani salon gambara). Tunda ya rasu ai babu matsala ko?
Daga Sabuwar Unguwa

AMSA: Akwai matsala malam. Shata ya rasu a Yunin 1999, kabarinshi na Daura, kuma a dokarmu hakkin waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, ka lissafa, sai ƙarshen 2069. Yana da magada. Faifan da za ka yanko daga ciki shi ma akwai wanda ya naɗe shi, kamfani ko gidan rediyo. Haka Barmani Choge, haka Ɗan Maraya Jos.

Wannan yanke-yanken shi ne asalin gambara, ba laifi ba ne a kanshi. DJ Kool Herc a unguwar Bronx ta New York a 1973 abin da ya yi kenan, ya sa faifai biyu iri ɗaya yana maimaita wurin da ganga ke tashi ita kaɗai don masu rawa. Shekaru ana yi yawanci ba tare da neman izini ba har 1991 da wani mawaƙi, Gilbert O'Sullivan, ya kai Biz Markie kotu, alƙalin ya buɗe hukuncinshi da ayar nan ta Baibul mai cewa kada ka yi sata, aka janye kundin daga kasuwa. Tun daga nan sai da izini. Ko Timbaland da ya ɗauki sarewar wata tsohuwar waƙar Masar ta Baligh Hamdi ya yi wa Jay-Z kiɗa, ya biya dala 100,000 amma duk da haka wani ɗan'uwan marigayin ya shigar da ƙara a 2007, ba a sallame su ba sai 2015. Sun yi nasara, bayan shekara takwas suna ciyar da lauyoyi.

In da gaske kake ka nemi iyalan ka yi sallama ka faɗi abin da kake so. In kuma amon kalangun kake so ba muryar ba, hanya mafi sauƙi kuma mafi daɗi ita ce ka ɗauko mai kalangu da ranshi, suna nan wurin mahauta da gidajen biki, ka biya shi ka rubuta sunanshi, ka sa mashi makirfo kamar taƙi ɗaya daga fatar ya buga maka minti goma. Na taɓa yi, dattijon ya shigo yana kallon soson da muka manna a bango yana dariya, na sa mashi hedfon da ƙararrawar awo mai bugu 140 a minti ya cire ya ajiye ya ce shi ba a yi mashi ƙidaya. Na kashe na bar shi. Abin da ya buga ya ƙi zama daidai kan layukan kwamfuta, yana ɗan gaba yana ɗan baya, na kwana ina jan shi ina daidaitawa, da na gama na saurara sai na ji na kashe shi, na dawo da na asali na bi shi da 808, wannan amon gangar na'ura mai kauri, a hankali. J Dilla na Detroit da wannan ɗan karkacewar ya yi suna, da gangan yake kashe abin daidaitawa a na'urarshi ta MPC, mu kuma ga shi a ƙofar gida muna gogewa. Kalangu dai yana hawa yana sauka kamar magana, 808 ma ana jan shi sama da ƙasa, sai ka kula kada su yi karo a ƙasa, ka rage wa ɗaya nauyi.

TAMBAYA: Da gaske kwalin ƙwai yana hana ƙara shiga sitidiyo? Na tara kusan 200.
Daga Ƙofar Ƙaura

AMSA: Ba ya hanawa. Ɗan amsa-kuwwar cikin ɗaki yake ragewa, shi ma kaɗan, amma hon ɗin Keke da janareton maƙwabci sai dai bango mai kauri da ƙofar da ba ta da kafa. Ga kyankyasai, ga shi wuta na kama shi nan da nan. Ka rataya bargo mai nauyi bayan mai waƙa, ka jingina tsohuwar katifa a kusurwa, ka kai janareto nesa da doguwar waya, ka kashe fanka lokacin ɗauka ko da watan Afrilu ne, mawaƙin ya yi gumin minti ukku ba zai narke ba. Kwalayen ka mayar wa mai shayi.